Wace ce ta fara gano yadda ake auna homon a cikin jini?

Malam, ka tambayi wanda ya fito da hanyar auna homon (sinadarin da jiki ke fitarwa don sarrafa ayyukansa) a jini, ko ma dai likita ne. To mace ce, Rosalyn Yalow 'yar Amurka, kuma ba likita ba ce ma, fiziks ta karanta, ta samu digirin dakta a Jami'ar Illinois a 1945.

Aikin da ya ɗaga ta shi ne wanda suka yi da Solomon Berson a wani asibitin tsoffin sojoji da ke Bronx a birnin New York tun daga 1950, suna bin diddigin insulin, homon mai daidaita sugan jini, da aka sa wa alamar rediyoaktif (sinadari mai fitar da hasken da na'ura ke iya ganowa), sai suka lura masu ciwon suga da aka daɗe ana yi musu allurar insulin ɗin dabba jininsu na ƙera garkuwar da ke riƙe shi, masana lokacin suka ce ina, insulin ya yi ƙanƙanta da yawa da zai sa jiki ya ƙera masa garkuwa, har mujalla ta mayar musu da takardar. Daga nan suka gina gwajin RIA (radioimmunoassay, wato awo da garkuwar jiki da alamar rediyoaktif) wajen 1959, ɗan ɗigon jini kawai ya isa a auna abin da da ba a iya ganinsa.

Da shi aka gane yawancin manya masu suga suna da insulin a jiki, jikin ne ba ya jin sa. Gwajin tairoyid na jarirai ma daga nan ya samo tushe.

Abin da ya fi burge ni sun ƙi mallake fasahar don kuɗi. Ta ci Nobel a 1977, Berson kuwa ya rasu tun 1972, kuma ba a ba mamaci.