Zancen tashen abokina

Ɗiyata, saƙonki ya iso, na karanta shi har sau biyu. A na farko dariya ta kama ni, a na biyu jikina ya yi sanyi. Kin ce abokina, jikan nan nawa da ya shiga shekara tara, ya hana ki sakat sai ya bi yaran unguwa tashe in azumi ya kai goma. Kina tambaya ko a al'ada ana barin yaro ya fita da dare ba babba, ko kuwa ki ba shi salula ki sa wani ya bi bayansu. Ikon Allah, yau tashe ake nema wa ɗan rakiya.

Mu da muka tashi a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ban taɓa jin wanda ya nemi izinin tashe ba. An sha ruwa, an yi asham, sai ka ji gwangwani na tashi a bakin zaure. Ka zari tsohuwar riga, ka liƙa gemun auduga, ka fice. Mu zaga Birni, mu tsallaka Zango, mu dawo da gero a ƙwarya da ƴan dala-dala, babbanmu ya raba. Amma ajiye tashen tukuna, wata Alhamis ce ta faɗo mini a rai.

A 1968 ne, zamanin shugaban ƙasa Jori Hamani, Sarki Sanda Umaru yana kan gadon Damagaram, ni kuma ban wuce shekara goma sha ɗaya ba. Alhamis ba a karatun allo, kuma ranar ce kasuwar Dole take ci, saboda haka tun da safe gari namu ne. Mu huɗu ne: ni, da ɗan maƙerin unguwarmu, da wa da ƙane ƴaƴan wani baduku. Bayan azahar muka ga mutanen Mirya sun sayar da tulunansu suna kora jakuna za su koma. Ɗan maƙeri ya roƙi wani dattijo a ɗora shi, aka ɗora shi, mu ma muka ce sai mun hau. Muka ce za mu ɗan taka musu zuwa wancan dutsen mu juyo. Da muka kai dutsen sai muka hango magarya ta nuna jawur a gaba. Daga magarya sai kurna, daga kurna sai wani kurege da muka bi har ya shige rami. Lokacin sanyi ne, an gama girbi, gonaki duk kara, ido yana kai wa inda ya ga dama. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin ƙurar ranar da ɗumin bayan jakin.

Tsakanin Damagaram da Mirya kilomita 18 ne. Ba mu san da haka ba sai da rana ta yi ja, iska ta juya, masu jakuna suka rarrabu kowa ya kama hanyar gidansa. Ƙafafu duk ƙaya, riguna duk ƙarangiya. Ƙaramin cikinmu ya fara kuka, mu manyan muna ce masa ya yi shiru alhali namu kukan yana maƙogwaro.

A bakin gari wata tsohuwa ɗauke da itace ta tsaya ta dube mu. Ba ta ce daga ina ba, cewa ta yi, "Ƴaƴan wa?" Na faɗi sunan babana, ba ta san shi ba. Na faɗi na kakana, ta girgiza kai. Sai da na ce kakata ce mai daddawa kusa da ƙofar fada, sannan ta ajiye itacen, ta kama kunnena ta murɗe. Ta zaro kara, kowa ya sha biyu-biyu, har da mai kukan. Daga nan ta tasa mu gaba zuwa gidanta, ta hura mana wuta, ta zauna da allura tana cire mana ƙaya ɗaya bayan ɗaya tana faɗa. Ta kawo tuwon gero da miyar kuka. Na ci abinci a Yamai, na ci a Kano, na ci a Makka, ban sake samun tuwo irin wannan ba.

A daren ta aika jikanta bakin hanya ya tare wata babbar motar gyaɗa mai shiga Damagaram. Direba ya faɗa wa mai tsire a tasha, mai tsire ya faɗa wa wani ɗan Birni, shi kuma ya faɗa wa ladanin masallacinmu. Kafin a rufe zaure gidaje uku sun san inda ƴaƴansu suka kwana. Da asuba ta haɗa mu da masu kai kayan lambu, ta ba kowa gaɓar rake.

Na tarar da babana a zaure. Ya ce, "Kun ga Mirya?" Na ce mun gani. Ya ce, "To, ɗauki tulu, babu ruwa a gidan." Kin san Damagaram da ruwa, wannan aike ba ƙarami ba ne. Ƙanensa ya tashi zai ɗauko dorina, kakana ya hana. Ya ce an riga an dake su a can, ba a yanka akuya sau biyu, ɗa kuwa na kowa ne. Da Alhamis ta zagayo ya ba masu tuluna goro su kai wa tsohuwar, godiyar dukan da ta yi mana.

Kakarki kuwa, da yake ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta nuna ta damu. Kokon safe ta turo mini ba ta ko ɗaga kai ba. Sai bayan na yi aure gwaggona take gaya mini cewa a daren ba ta sa komai a baki ba, tana zaune bakin ƙofar ɗaki har saƙon ladan ya shigo. Su haka aka koya musu: ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Ba ƙi ba ne fa, ɗiyata. Haɗiye tsoro suke yi don yaro ya samu ƙafa.

Ba zan ɓoye miki ba, sakin nan ya ci mana mutane. Ɗan maƙerin da na ce miki, damina biyu bayan haka, ya tafi wanka a wani tafki inda ake ɗibar ƙasar gini, bai fito ba. Ina cikin waɗanda suka ruga gida da labarin. Don haka tsoronki ban raina shi ba. Garin ma ba shi ne na da ba. Tun farin 1973 da na 1984 mutane ke ta shigowa, yau Damagaram gunduma biyar ce, unguwanni sun kai inda muke farautar gafiya. Ga kabu-kabu ba sa ganin yaro, ga taramol a hannun samari, ga ƴan fale, gungun samarin nan masu tada fitina, da ake ta zancensu. Duk na sani.

Abin da ke ci mini rai shi ne ku ma kun taya. Kun gina gidaje ba zaure, kun sa ƙofar ƙarfe. Maƙwabci ya tsawata wa yaro, kafin magariba uban ya kai ƙara komisariya. To wa zai sake tsayawa ya ce "ɗan wa"? Da sallar bara abokina ya zo gaishe ni, na miƙa masa kurna da magarya, bai san wacce ce wacce ba. An haife shi a garin nan, bai taɓa hawa duwatsun Birni ba, bai san ganuwar da Sarki Tanimun ya gina ba, hanyar lekol ma daga bayan babur ya san ta. Ranar na jima ban yi barci ba.

Yaran da zai bi ɗin, wane ne babbansu, kuma ɗan wane gida ne? In ba ki sani ba, sa mayafinki ki shiga gidajen ki gaida uwayensu kafin watan ya tsaya. Kakana yakan ce zumunta a ƙafa take. Ki faɗa musu sunan ɗanki, ki ji na nasu.

Alhamis mai zuwa kuma ki kawo mini shi da safe, ki tafi abinki, salular ta zauna a jakarki. Akwai yara a gidan nan da za su hau da shi dutse, ni zan zauna a gindi in jira su. Audugar gemun ma ina da ita a ɗaki. Ki gaida maigidan.