Amsa ga mai tambaya kan tsutsar ƙasa mai kashe ƙwarin mangwaro

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce an ba ka shawarar zuba nematod, wato tsutsar ƙasa mai kashe ƙwari, a lambunka na Yauri saboda ƙudan da ke sa mangwaro tsutsa, kana tsoron kada ta cinye saiwa, ko ta kashe tana da zuma, ko ta cutar da kaji. Ina da lambun mangwaro da gwaba a wajen Zuru, kuma na gwada ta a gindin wasu bishiyoyi, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Zancen saiwa, kwantar da hankalinka. Wadda ke kumbura saiwar tumatir a fadama, Meloidogyne, dabam take. Wadda ake nufi a nan jinsi biyu ce, Steinernema da Heterorhabditis, kuma ba ruwansu da tsiro. Yawanci tsawon ɗaya bai kai milimita ɗaya ba. Tana shiga jikin ƙwaro ta baki ko dubura ko kafar numfashi, ta saki ƙwayoyin cutar da take ɗauke da su a cikinta, cikin kwana biyu ƙwaron ya mutu. Ta hayayyafa a gawar, 'ya'yan su fito neman wani. Wanda Heterorhabditis ta kashe ja yake komawa, kuma ba ya wari. Na tono irinsu da hannuna.

Mutum, akuya, kaji, tsuntsaye, duk ba ta kama su. Tana ma tana nan lafiya a inda na zuba. Amma kada wani ya ce maka mugun ƙwaro kaɗai take ci. Ba ta tantancewa. Duk ƙwaro mai taushin jiki da ta tarar a ƙasa, gwazarma ne ko 'ya'yan buzuzu masu nutsar da kashin shanu, yana iya shiga hannunta. Abin da ke rage ɓarnar shi ne ba ta nisa daga inda aka zuba ta, kuma yawanta yana raguwa cikin 'yan makonni. Zuma tana sama, ita tana ƙasa, don haka kada ka fesa kan fure, a gindi ake zubawa. Jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida a kan mangwaro su ma ba ta kai musu, kuma don Allah ka bar su, an yi bincike a Benin an ga suna korar ƙudan. Idan ka kwatanta da feshin guba da ke share komai har ya gangara kogi a yankin da mutane ke rayuwa da kamun kifi, ni a ganina nematod ta fi sauƙin illa nesa ba kusa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne zafinmu. Wannan halitta ba ta jure rana, ba ta jure bushewa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in ka zuba ta da hantsi a busasshiyar ƙasa ka zubar da kuɗinka. Sai da yamma liƙis, bayan ka jiƙa gindin sosai, ka sake ba da ruwa bayan ka zuba, ka rufe da ciyawa, sannan ka riƙe danshin kamar mako biyu. A wurina ta fi yin aiki bayan ruwan farko, wanda kuma shi ne lokacin da ƙudan ke yawaita a kan mangwaro mai nuna a makare. Ajiyarta ma aiki ce: firji take so, ba ƙanƙara ba, ga halin wutarmu. Adadin da aka saba ba da shawara kusan 250,000 ne a kowace murabba'in mita, shi ya sa gindin bishiya kawai ake bi, ba lambu duka ba.

Ka kuma gane inda take kama ƙudan. Wannan ƙuda, Bactrocera dorsalis, daga Asiya ya zo, an fara ganinsa a Kenya a 2003. Macen tana huda mangwaro ta saka ƙwai, tsutsar ta ci ta ƙoshi, ta faɗo ƙasa ta shige. A wannan ɗan tsakanin, kafin ta yi ɓawo, nematod ke samunta. Wanda ya taso daga lambun maƙwabci kuwa ba ta da iko a kansa. Saboda haka tsince mangwaron da ya faɗi ba ya faɗuwa a kanka: a tara a baƙar leda, a ɗaure, a bar ta a rana. A haɗa da tarkon sinadarin methyl eugenol mai jawo mazan ƙudan.

Abin da ya fi damuna shi ne sayo ta daga waje ta intanet. Akwai irinta na asali a ƙasashen Afirka ta Yamma, waɗanda suka saba da zafi, kuma baƙuwa tana iya gogayya da su. Shigo da halitta mai rai sai da izinin NAQS, hukumar da ke sa ido kan shigo da tsirrai da dabbobi Najeriya. Tambayi wanda ya ba ka shawarar sunan nau'in da inda aka samo shi. In Steinernema feltiae ce, ta ƙasar sanyi ce, ba za ta yi maka ba. Heterorhabditis indica ta fi jure zafi. Fara da bishiya kaɗan, ka bar wasu ba ka zuba ba don ka ga bambanci, sannan ka dawo ka ba mu labari. Allah ya sa albarka a lambun.