Oga, in na rufe tamina sai shafin ya mutu

Ƙanena na ga saƙonka tun da asuba, ban samu zama ba sai yanzu. Kace ka gama manhajar duba sakamakon jarabawa da makarantar nan ta baka, ka ɗora ta a saba ka buga python manage.py runserver 0.0.0.0:8000, ka buɗe a wayarka kaga tana aiki, amma da zarar ka rufe tamina, wato tagar da kake buga umarni, sai shafin ya ɗauke, shine kake tambaya ko ka saka nohup a gaba kawai, umarnin da ke hana shi mutuwa in ka rufe tamina, ka miƙa musu. Toh a'a, kar ka yi haka don Allah. Naji daɗi da ka tambaya kafin ka miƙa, don wannan aikin akwai sunayen yaran mutane da makinsu da hotunansu a ciki, amana ce.

Shi runserver ɗin nan kamar katakon da magini ke tokare dakin ne kafin siminti ya kama, yana da amfani lokacin gini amma ba a tarewa a gida a kansa. Su kansu masu Django, wato tsarin da ka gina manhajar a kai, sun rubuta da manyan baƙaƙe cewa kar a yi amfani da shi a sabar da jama'a ke shiga, saboda ba a tantance tsaronsa ba kuma ba a gwada shi da nauyi ba. Ko nohup ɗin ya riƙe maka shi yau, ranar da sabar ta mutu ta tashi ba wanda zai kunna shi sai kai, kuma ƙila kana barci ko kana hanyar ƙauye ba sabis.

Amma kafin ma mu je nan, je ka buɗe settings.py yanzu, na tabbata DEBUG ɗinka True ne. Ka san shafin nan mai ruwan ɗorawa da yake fito maka in kod ya samu matsala, mai nuna layin da ya karye da hanyar fayilolinka da abin da ke cikin kowane variable, toh a yanzu haka duk wanda ya shiga yasa manhajar ta yi tuntuɓe shima abin da zai gani kenan. Maida shi False. Kana maidawa abu biyu zasu faru kuma kar su firgita ka, na farko zaka ga Bad Request 400 sai ka rubuta sunan domen ɗinka a ALLOWED_HOSTS, na biyu kwalliyar shafin gabaɗaya zata zube, ba kala ba tsari sai baƙin rubutu a farin fili, kuma wallahi a daidai nan ne yara da yawa suke karaya su maida True suce ai haka yafi aiki. Ba abinda ya lalace, Django ne ya daina raba CSS da hotuna da kansa, ka saita STATIC_ROOT ka buga collectstatic ya tattara su waje ɗaya, wata manhaja mai suna nginx ce zata dinga bayarwa, zan zo kanta. Sannan SECRET_KEY, wato makullin sirrin manhajar, da kalmar sirrin databes su fita daga cikin kod su koma fayil na daban a kan sabar. In ka taɓa tura su GitHub ko sau ɗaya ne toh canza su, goge layin bai isa ba tunda git baya manta tarihi. Ka gama ka buga python manage.py check --deploy ya lissafo maka sauran.

Tsarin da nake bi kuma kaima shi zaka bi shine gunicorn a ciki, nginx a zaure. Gunicorn shi yake tafiyar da kod ɗinka, yana da ma'aikata da yawa masu karɓar buƙatu lokaci guda, lissafin da aka saba farawa dashi shine ka ninka yawan core biyu ka ƙara ɗaya, wato ƙaramar sabarka mai core ɗaya ma'aikata uku sun isa, kar ka zuba goma RAM ya ƙare maka. Ka ɗaure shi a 127.0.0.1 yadda ba mai ganinsa daga waje. Nginx kuma shi yake zaune a ƙofar 80 da 443, duk baƙon da ya zo shi zai fara tarba, in hoto ko CSS ake nema ya miƙa da kansa, in aikin kod ne ya leƙa ciki ya ba gunicorn. Amfaninsa babba a wajenmu shine masu shiga da raunin netwok, uwa tana can da sanda ɗaya a wayarta shafi na sauka a hankali, nginx zai tsaya ya jira ta ba tare da ta riƙe maka ma'aikacin gunicorn ba.

Yanzu ga ainihin amsar tambayarka, systemd, wato mai kunna manhajoji a sabar yana kuma kula dasu. Zaka rubuta ɗan fayil na service kasa Restart=always, kasa ya gudana da yuza na daban ba root ba, sai ka buga systemctl enable, kuma enable ɗin nan, mai sa ta tashi da kanta in sabar ta kunna, shine wanda ake mantawa, start kawai ake yi aga abu ya tashi a tafi. Ni kaina ya taɓa faruwa dani da manhajar wani shagon magani, kamfanin sabar suka yi gyara cikin dare injin ya sake tashi, manhaja bata tashi ba, da safe yaran shago suka koma rubuta ciniki a takarda layi har waje, mai shagon ya kira ni muryarsa kawai naji nasan na zubar masa da mutunci gaban kwastomominsa. Tun ranar bana cewa na gama aiki sai na buga reboot da hannuna, na naɗe hannu ban taɓa komai ba, naga shafin ya dawo da kansa.

In kaga 502 Bad Gateway kar ka taɓa nginx tukuna, yana gaya maka ne ya leƙa ciki bai samu gunicorn ba, buga journalctl -u da sunan service ɗinka ka karanta layukan ƙarshe. Kuma tunda ɗalibai zasu ɗora hoton fasfo ka sani nginx baya karɓar abinda ya wuce 1MB sai ka ɗaga client_max_body_size, in ba haka ba hoton waya na zuwa zai watso 413.

HTTPS kuma ba wahala, ka nuna domen ɗin ga IP na sabar, certbot zai karɓo maka satifiket na Let's Encrypt kyauta, kwana 90 muka saba yana yi, ka gwada certbot renew --dry-run ka tabbatar yana sabuntawa da kansa. Wajen ufw, mai gadin ƙofofin sabar, ka buɗe 22, ƙofar SSH da kake shiga sabar ta ita, kafin ka kunna shi don kar ka kulle kanka a waje, sai 80 da 443 shikenan, 8000 da 5432 ta databes su zauna a rufe. Shiga da makullin SSH, ka kashe shiga da kalmar sirri.

Saura databes, kuma nan nafi so ka nutsu. SQLite, databes ɗin da Django ke farawa dashi, mutum ɗaya yake bari ya rubuta a lokaci guda, ranar da malamai suka zauna shigar da maki tare zaka iya fara ganin database is locked, don haka koma PostgreSQL tun yanzu da ba komai a ciki. Kasa pg_dump ya dinga kwafa duk dare, kuma kwafin ya bar sabar ya tafi wani waje daban, don in yana kan injin ɗaya tare zasu tafi. Sannan ka ɗauki kwafin nan ka dawo dashi a laftof ɗinka ka buɗe kaga sunayen ɗalibai da idonka, sai an gwada akan san na ƙwarai. Kaga GitLab, kamfanin ajiyar kod, da girmansu, ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyansu ya goge bayanan babbar databes bisa kuskure, da suka juya wajen kwafin ajiya sai suka tarar hanyoyin da suka dogara dasu basa aiki yadda suka zata, da wani kwafi na awa shida baya suka farfaɗo, abinda aka yi cikin awannin nan ya tafi. Su ma suna da tsarin kwafi, gwada dawo dashi ne ba a yi ba.

Kuma duk ranar da zaka ɗora sabon gyara, kwafi tukuna, sai git pull, sai migrate, sai collectstatic, sai ka sake tada gunicorn, kuma ka rubuta lambar commit ɗin da ke aiki a gefe don ka san inda zaka koma in abu ya ƙi. Kar ka yi shi ranar da makaranta zata saki sakamako ko yammacin Juma'a, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kace musu su ƙara maka sati ɗaya, in sun matsa ka haɗa ni da shugaban makarantar ni zan masa bayani. Ka fara da DEBUG yau ɗin nan kafin ka kwanta, sauran ka bi su a hankali, ranar Asabar bayan la'asar ka zo shago da laftof ɗinka mu buga reboot ɗin tare.