Soso ne ƙarshen aiki a ƙofar gareji mai hana zafi

Jiya muna tashi ka ce da ni, "Oga, tun da mai garejin nan ƙofar da ba ta shigo da zafi yake so, me zai hana mu haɗa ta kamar sauran, mu cusa soso a ciki, mu ɗora wani fallen ƙarfe mu walde?" Na ce ka bari sai da safe, don maganar ta fi ƙarfin a tsaitsaye. To jawo bencin nan ka zauna, yaro.

Wannan dabarar taka ni ma na taɓa yin ta ina da ƙuruciya. Na jera farin soson nan irin wanda ake tallafe firij da shi a kwali, na ɗora falle na biyu, na kama walda. Ban kai rabi ba sai baƙin hayaƙi ya fara fitowa ta gefe, da wani wari mai hawa kai. Da na ɓalle fallen, duk inda wuta ta bi soson ya narke ya koma kamar ƙanzo. Allah ya sa ban kai wa mai aikin ba. Farin soso ba ya shiri da wuta, ba ya shiri da fetur ko tina, kai har gam ɗin masu takalma cinye shi yake yi. Saboda haka duk wata walda, da gugar giranda, da fenti, sai an gama su sun bushe kafin soso ya matso kusa da ƙofar.

Amma wannan ƙaramar magana ce. Babbar ita ce ka san ta ina zafin yake shiga. A watan Afrilu, da rana tsaka a Kano, zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarfen da rana take duka kai tsaye; ka sha taɓa ƙyauren shagon nan ka janye hannu. Ƙarfe yana wuce da zafi fiye da farin soso sau dubu da wani abu. Idan fallen waje yana manne da firam, firam kuma yana manne da fallen ciki, ka gina wa zafi gada ke nan, zai kewaye sosonka ya shiga ɗaki abinsa. Hanya ta biyu ita ce kafofin da ka bari a gefe da ƙasa da tsakiya. Da bazara iska mai zafi, da hunturu ƙura. Ƙofar da ta sunkuya ba ta haɗuwa, in kuwa ba ta haɗu ba, kuɗin soso ɗibar ruwa da kwando ne.

Shi ya sa aikin daga awo yake farawa. Mashigar garejin nan faɗinta mita 3, tsayinta mita 2.4, wato ƙyaure biyu, kowanne kusan mita ɗaya da rabi. Kada ka yarda da bakin magini. Ka auna faɗin a sama da tsakiya da ƙasa, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, ka rage wa kowane gefe kamar santimita 1, ƙasa kuma santimita 2. Mu je kasuwar Ƙofar Ruwa mu ɗauko fayif mai kusurwa huɗu na inci 2, mai kaurin milimita 2. Ka riƙa ɗaga shi da hannu kana jin nauyinsa, don akwai mai inci 2 a ido amma jikinsa kamar gwangwani. Inci 2 ɗin ba don ado ba ne, shi ne zurfin da soso mai kaurin santimita 5 zai zauna daidai.

In ka yanka, ka shimfiɗa a ƙasa mai lebur, ka ɗan ɗosa walda a kusurwa huɗun kawai, sannan ka ja tef daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka sake ja ta ɗaya hannun. Sai awon biyu ya zo ɗaya za ka cika walda. Haka fallen waje: ɗosa nan, tsallaka can, dawo tsakiya. In ka bi layi ɗaya da wuta har ƙarshe, ƙarfen zai murɗe, kuma murɗaɗɗen ƙyaure guduma ba ta gyara shi yadda robar gefe za ta kama.

Yanzu yi mini lissafi. Fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1, kowace murabba'in mita tana da nauyin kilo 8 saura kaɗan. Ƙyaure ɗaya murabba'in mita 3.6 ne, ka ga kilo 28 ke nan a fuska ɗaya. Firam da sandunan tsakiya za su ba ka kilo 30 da ɗoriya. In ka sa ƙarfe ciki da waje, ƙyaure ɗaya ya doshi kilo 90, kuma duk nauyin nan a rataye yake ta gefe guda, yana jan hinjin sama waje, yana danna na ƙasa ciki. Don haka hinji uku, manya, kuma ukun a kan layi ɗaya. Ka ɗaure igiya ka duba kafin ka cika. Shi ma firam ɗin jikin bango, a walda masa ƙafafu su shiga cikin kankare. Bulo zalla ba ya riƙe irin wannan ƙofa, damina biyu za ka ga tsaga.

Akwai wani abu da kafintoci da masu walda suke musu a kai, wato tokarin da ake gittawa a ƙyaure don kada ya sunkuya, alhali kowa da gaskiyarsa. Kafinta yana sa tokarinsa daga ƙasa ta wajen hinji ya hau sama ta wajen sakata, domin katako danni yake jurewa. Mu kuwa in siririn ƙarfe mai faɗi za mu sa, sai mu juya shi: daga sama ta wajen hinji ya gangaro ƙasa ta wajen sakata, domin siririn ƙarfe ja yake jurewa, in ka danne shi lanƙwashewa zai yi. A wannan ƙofar siririn nake so, a kwance a jikin fallen waje, don soso ya wuce ta bayansa ba tare da an yanka shi gunduwa-gunduwa ba.

Sai fenti. Jan fentin hana tsatsa ciki da waje, sannan fuskar waje a yi mata fari ko ruwan madara. Na san masu gida baƙi suke so da ruwan zaiba, wai ya fi kwarjini. Ka gaya masa da ladabi cewa baƙin fenti zafin rana yake sha, fari kuwa mayar da mafi yawansa yake yi, kuma wannan ne maganin zafi mafi arha a duk aikin.

To a nan ne soso zai shigo. Ka yanka shi ya ɗan fi ramin kaɗan, ya shiga da matsi, kada a bar inda yatsa zai shiga. Wani zai ce maka a zuba garin katako, ai kyauta ne a 'Yan Katako. Kada ka karɓa. Zubewa yake ya taru a ƙasa, ya sha ruwa, ya kira gara. Fuskar ciki kuma filawud za mu sa mai kaurin milimita 9, mu ɗaure da sukuru, domin katako ba ya wuce da zafi kamar ƙarfe, shi ne zai karya gadar nan, ga shi bai kai ƙarfe nauyi ba. Da shagon walda ne irin namu, inda tartsatsi yake tashi, da siririn falle zan sa da ribit, in shimfiɗa roba tsakaninsa da firam.

Buɗewa waje tana da daɗinta: ba ta cin wurin mota a ciki, kuma in iska ta taso ƙara danna ƙyauren take a jikin firam. Amma hinjinta a waje yake, ɓarawo zai iya buge ƙusar ya cire ƙyauren da kwaɗonsa a kulle. Ka walda ɗan guntun rodi a gefen ƙyauren ta wajen hinji, ka huda masa rami a firam, in an rufe ya shige. Wannan ma kafin soso, ka ji ko? Ka sa ƙugiya a bango ta riƙe kowane ƙyaure in an buɗe, don iskar hadarin farkon damina in ta sami ƙyaure mai kilo 80 a sake, ko hinji ya tafi ko gefen motar mutum. Daɓen gaban ƙofar ya gangara waje. A tsakiya, ɗaya ƙyauren ya sami leɓe na ƙarfe da zai rufe ɗan'uwansa, gefe a manna roba, ƙasa kuma tsohon tub na mota in ka yanka shi dogo yana share ƙura sosai.

Ranar da za mu miƙa makulli, kai nake so ka faɗa wa mai gidan da bakinka: ƙofar nan ta toshe iska, kada a kunna janareta a ciki, kada a bar mota tana aiki a rufe. Gubar da take cikin hayaƙin ba ta da wari, barci take sa mutum. In babu taga a garejin, a fasa bango ta sama a sa bulo mai huji kafin mu rataya ƙofar.