Gawarwakin nan biyu na Castlevania sun hana ni wucewa, ya zan yi?

Tambaya: Salam malam. Ina buga tsohon gem ɗin Castlevania na NES (tsohuwar na'urar gem ta Nintendo) a waya, na zo wajen bos na mataki na 9, gawarwakin nan biyu masu bandeji irin na Fir'aunonin Misra. Kwana uku kenan suna kashe ni. Akwai dabara ne ko hannuna ne bai faɗa ba?

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan uwa. Hannunka lafiya lau, inda kake tsayawa ne matsalar, kuma na san a tsakiyarsu kake faɗan don kowa haka yake farawa. Ɗaya ta gabanka ɗaya ta bayanka, suna tafiyar hawainiya suna jefo maka guntayen bandeji, shi kuma Simon Belmont, jarumin da kake wasa da shi, ka san halinsa, da an taɓa shi sai ya yi tsalle da baya kamar an watsa mai ruwan zafi, daga hannun wannan ya faɗa hannun wancan, kafin ka ce kwabo jini ya ƙare.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, su biyun layin jini ɗaya suke rabawa, kowanne ka zabga wa bulala abu ɗaya kake ragewa. To ka daina raba hankali. Koma gefe guda ka bari su taru ta fuska ɗaya, sannan ka jefa ruwan tsarki a ƙafarsu. Kwalbar tana fashewa wuta ta kama ƙasa, wutar nan tana riƙe su waje ɗaya tana cinsu, zuciya ɗaya kacal kowace jifa take ci maka (a gem ɗin nan zuciyoyi su ne harsashin makaman jifa). In ka samu alamar II ko III, mai ba ka damar jifa biyu ko uku a jere, kuwa ai an gama, jifa kan jifa kawai. Kuros, makamin nan mai siffar gicciye, ma yana aiki sosai don yana yankarsu a tafiya ya sake yanka a dawowa. Wuƙa dai ni ban ga amfaninta a nan ba gaskiya. Kuma ka tara zuciyoyi tun daga kyandiran hanya, kar ka ƙarar da su kan ƙananan abokan gaba.

Akwai nama mai ƙara jini ɓoye a cikin bulon dandamalin ɗakin, amma kar ka yi saurin fasawa, bari sai jini ya yi ƙasa.

Wani zai ce me ya kai gawar Misra gidan Dracula a Turai, inda gem ɗin ke gudana? Konami da suka fitar da gem ɗin a Japan a 1986 dodannin tsofaffin finafinan ban tsoro na Amurka suka kwaso suka zuba a gida ɗaya, ba ruwansu da taswira.

Af, tunda a waya kake, maɓallan kan gilashi suna cutarka, in da hali nemi pad, wato abin buga gem na hannu. Kana gamawa da su za ka rufta kogon ƙarƙashin ƙasa na mataki na 10, can akwai ruwa, kuma Simon bai iya iyo ba.