Isnadi Daban, Izini Daban: Amsa Ga Ɗan'uwan Da Aka Goge Wa Muƙaloli A Wikipedia

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka sau biyu, har na yi murmushi, ba don ina yi maka dariya ba, kaina na tuna. Ka ce ka rubuta muƙaloli biyu a Wikipedia ta Hausa, ɗaya a kan garinku, ɗaya a kan hakiminku. Bayanin ka kwaso shi ne daga ɗan littafin da aka raba ranar naɗin sarauta da kuma wata jarida, hoton kuma a Facebook ka gan shi, sannan ka rubuta inda ka samo komai a ƙasa. Aka goge, ka mayar, aka sake gogewa, yanzu an bar maka gargaɗin cewa za a toshe ka. Kana tambaya laifin me ka yi, tunda ba ka ɓoye tushen maganar ba.

Ramin da ka faɗa na riga ka sanin zurfinsa. A watannina na farko na kwafi sakin layi huɗu cur daga wata jarida a kan tarihin wani malami da ya rasu, na sa sunan jaridar da kwanan wata, na kwanta ina jin na yi wa Hausa hidima. Kafin in idar da karin kumallo an share. Na rubuta wa mai gudanarwar da ya goge wasiƙa mai zafi, har da cewa ana baƙin ciki da ci gaban harshenmu. Bawan Allah bai biye mini ba. A layi biyu ya nuna mini cewa na faɗi mai kayan, gaskiya ne, amma mai kayan bai ba ni ba. Na yi kwana biyu ina fushi kafin maganar ta zauna mini.

Abin da ke ruɗa mu, a ganina, tarbiyyarmu ce ta karatu. Mun taso a inda kwafar littafi da hannu aikin lada ne, kuma amanar ilimi ita ce ka ce daga wane ka ji, shi kuma daga wane. Wanda ya kawo isnadi ya fita. Ga kuma al'adar WhatsApp, inda mutum zai turo rubutu mai tsawo ya sa "an kwafo" a ƙarshe, shi ke nan ya wanke kansa. To a Wikipedia isnadi ana buƙatarsa ƙwarai, shi ne manazartar da kake sawa a ƙasa, amma aikinsa ɗaya ne: ya nuna ba ƙirƙirar maganar ka yi ba. Izinin ɗaukar jimlolin mutum wani abu ne daban, kuma manazarta ba ta bayar da shi.

Dalilin yana nan rubuce da ƙananan haruffa kusa da maɓallin wallafawa, wurin da babu mai karantawa. Duk lokacin da ka danna shi, ka amince ka saki rubutunka a ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, wanda tun 2023 aka koma sigarsa ta 4.0. Ma'anarsa a taƙaice: kowa a duniya yana iya kwafar abin da ka rubuta, ya sauya shi, ya fassara shi, ya buga shi ya kai kasuwa ya sayar, da sharaɗi biyu, ya ambaci waɗanda suka rubuta, kuma shi ma ya saki nasa a kan wannan lasisin. Kuma ba a janyewa. Ko gobe ka yi fushi ka bar Wikipedia, kyautar ta riga ta fita daga hannunka. To ka duba abin da ya faru da ka liƙa rubutun ɗan jaridar nan: ka yi wa duniya alƙawarin cewa mai maɗaba'a a Sabon Gari zai iya buga shi ya sayar, alhali marubucin bai ma san ana yi ba. Daidai yake da ka yanka akuyar maƙwabci ka raba sadaka, kana gaya wa kowa ai ta Malam wane ce. Faɗin sunansa bai mayar da ita taka ba.

Sauƙin da ke ciki shi ne haƙƙin mallaka bai hau kan gaskiyar al'amari ba, kan yadda aka tsara maganar ya hau. Shekarar da aka naɗa hakimi, sunan mahaifinsa, makarantun da ya yi, yawan dagatan da ke ƙarƙashinsa, waɗannan ba mallakar kowa ba ne. Jimlolin da marubucin littafin ya ɗinka su da su, su ne nasa. Dabarar da nake bi har yau ita ce in karanta tushe biyu ko uku, in tsamo sunaye da shekaru a takarda, in rufe littattafan, sannan in rubuta kamar ina ba wa ɗalibi labari. Bayan na gama sai in buɗe in duba ko na yi kuskuren lamba. Kada ka yi wayon da yawancinmu muka yi, wato ka bar jimla yadda take ka sauya "ya rasu" zuwa "ya riga mu gidan gaskiya". Ƙashin bayan jimlar na mai ita ne har yanzu, kuma akwai manhajoji irin su Earwig da ke jera rubutunka kusa da na intanet su nuna inda suka yi kama. Idan maganar mutum ce kake son kawowa da bakinsa, ɗauki jimla ɗaya ko biyu, ka sa alamar zance, ka faɗi mai ita. Wannan ya halatta. Shafi guda kuwa bai zama ɗan tsokaci ba.

Wani abin da ba ka tambaya ba amma na san za ka zo kansa: fassara. Mutane da yawa suna ɗauka idan suka juya labarin Turanci zuwa Hausa ya zama nasu. Bai zama ba. Haƙƙin fassara ma na marubucin asali ne. Inda aka yarda shi ne fassara daga wata Wikipedia, misali ta Turanci ko ta Larabci, domin lasisinsu ɗaya, amma ko nan sai ka rubuta a akwatin taƙaita gyara cewa daga muƙala kaza ka fassaro, don waɗancan marubutan su sami haƙƙinsu na ambato. Manhajar fassara ta cikin Wikipedia tana yi maka wannan da kanta. Abin da ba ta yi maka shi ne gyara Hausar. Wallahi na sha buɗe muƙala in ga an fassara sunan mutum, ko a kira mace "ya" daga farko har ƙarshe. Wannan ba satar fasaha ba ce, amma wulaƙanta mai karatu ne, kuma ya fi yawa a lokacin gasar rubuta muƙaloli, da kowa ke tseren adadi.

Game da tsofaffin rubuce-rubuce, akwai lokacin da haƙƙi ke faɗuwa. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba rubutu kariya har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Abubakar Imam ya rasu a 1981, ka ga littattafansa suna da kariya har ƙarshen 2051, duk da cewa kakanninmu ma sun karanta su a makaranta. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, sun daɗe da zama na kowa, amma idan wani malamin jami'a ya fassara su ko ya yi musu sharhi a zamaninmu, fassarar da sharhin nasa ne. Kada kuma ka ɗauka abin da gwamnati ta buga na kowa ne. A Amurka haka ne ga ayyukan gwamnatin tarayya, shi ya sa za ka ga hotunan da ma'aikatan Muryar Amurka suka ɗauka da kansu a Commons, rumbun hotunan Wikipedia, ban da waɗanda gidan ya karɓo daga kamfanonin dillancin labarai. Dokar Najeriya ba haka ta ce ba. Ɗan littafin naɗin sarautarku ma, ko da kyauta aka raba shi kuma babu wata alama a bangonsa, yana da mai shi tun ranar da aka rubuta.

Hoto ne ya fi jawo wa sababbi toshewa. A ƙa'ida hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na wanda ke ciki ba, ba kuma na wanda ya fara sa shi a Facebook ba. Commons, rumbun da hotunan Wikipedia ke zaune, ba ya karɓar hoton da aka ce "a yi amfani da shi amma ban da kasuwanci", balle wanda ba a ce komai a kansa ba. Wurin da ake zamewa shi ne tambayar da ake yi maka lokacin ɗorawa, ko aikinka ne. Mutum ya ga idan ya ce a'a hanya za ta yi tsawo, sai ya ce nasa ne. Daga nan ya tashi daga mai kuskure ya koma mai ƙarya, kuma masu duba hotuna suna ganewa cikin minti ɗaya, don binciken hoto a Google zai nuna musu inda ya fara fitowa. Har rigimar biri an yi a kan wannan: a 2011 wani biri a Indonesiya ya danna kyamarar mai ɗaukar hoto David Slater ya ɗauki kansa, a 2014 Gidauniyar Wikimedia, mai kula da Wikipedia, ta ƙi cire hoton daga Commons bisa hujjar cewa wanda ya danna ba mutum ba ne. Mutanen da suka yi jayayya har a kan hoton biri, kai kake zaton za su ƙyale hoton hakiminku? Idan ka san mai hoton, shi zai aika da izininsa a rubuce ga tawagar sa-kai da ake kira VRT. Ya fi sauƙi ka ɗauki wayarka ka je ƙofar fada ka nemi izinin ɗauka da kanka.

Yanzu ɗabi'a, don gaskiya gargaɗin toshewar nan ba kwafar farko ce ta jawo shi ba, mayarwar da ka yi ce. Kuskuren sabon shiga kowa na yafewa. Amma idan aka cire aka bar maka dalili, ka mayar ba tare da ka ce uffan ba, ka nuna ba ka saurare. A Wikipedia ta Turanci akwai layin da aka ja: wanda ya mayar da gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi ko da shi ke da gaskiya. Mu da muke 'yan kaɗan, kusan kowa ya san kowa, bai kamata mu kai nan ba. Kowace muƙala tana da shafin tattaunawa, kowane edita ma yana da nasa. Can ake zuwa, a yi sallama, a tambayi dalili, a sa hannu da alamar nan mai kama da igiyar ruwa guda huɗu. Ka ɗauka wanda ya goge maka ɗan sa-kai ne irinka, da datarsa yake aiki, ba albashi ake ba shi ba. Zagi, gori na ƙabila ko addini ko jinsi, bin mutum shafi-shafi don a ƙuntata masa, duk Ƙa'idar Ɗabi'a ta Bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 2021 ta hana su a kowace Wikipedia, har da tamu. Idan kuma an toshe ka, kada ka buɗe sabon suna ka dawo ta taga. Ana ganewa, kuma toshewar kwana uku sai ta zama ta dindindin.

Muƙalar hakimin tana da wata matsalar, ko da ka sake rubuta ta da kalmominka. Littattafan naɗin sarauta kirari ne, haka aka so su kasance. "Gwarzon namiji, uban marayu, bango madafar bayi" suna da daɗi a bakin maroƙi, amma kundin sani ba ya yabo, ba ya zagi. Ka faɗi abin da ya yi da shekarar da ya yi, mai karatu ya yanke hukunci. Kuma tunda mutum ne mai rai, duk abin da zai iya taɓa mutuncinsa sai da tushe mai ƙarfi, ba ji-ta-ji-ta ba. An tsananta wannan ne bayan 2005, lokacin da wani ya rubuta ƙarya a shafin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan 'yan gidan Kennedy, maganar ta zauna wata huɗu ba a lura ba. Sannan in tambaye ka tsakani da Allah: hakimin nan ɗan'uwanka ne, ko wani ya ba ka na goro don ka rubuta? Idan kuɗi ya shiga, sharuɗɗan Wikimedia tun 2014 sun wajabta ka bayyana wanda ya biya ka. Idan dangantaka ce, faɗinta a shafin tattaunawa zai sa a fi yarda da kai.

Abin da zan ce ka yi yau: ka je shafin wanda ya yi maka gargaɗi, ka ce ka fahimci inda ka kuskure, kuma idan akwai wasu wuraren da ka liƙa rubutun wani da ba a gano ba tukuna, ka nuna su da kanka. Ka ajiye muƙalar hakimi zuwa gaba. Fara da ta garinku a shafinka na gwaji, ko da layi goma ne: jihar da yake, ƙaramar hukuma, ranar da kasuwa ke ci, sana'ar mutanensa, kowanne da manazartarsa. Ranar kasuwa ka ɗauko hoto biyu ko uku da wayarka, da safe kafin rana ta yi tsaka, ka tambayi mutane kafin ka ɗauki fuskarsu. Idan ka haɗa, turo mini sunan shafin in duba maka kafin ka wallafa. Ina samun sarari bayan sallar isha'i.