Rubutu a intanet zai sa ɗan majalisa ya waiwayo?

Malam, ka tambaya ko rubutun da kake yi a intanet kan asibitin garinku da aka yi watsi da gininsa zai sa ɗan majalisarku ya motsa. Zai iya, ƙwarai kuwa. Dokar rage shekarun tsayawa takara da Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2018, wadda ta sauko da shekarun ɗan majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, matasa ne suka yi ta matsa lamba da rubuce-rubuce, ko da yake sai da suka haɗa da tattaki zuwa majalisa.

Sharaɗin shi ne ka zo da hujja, ka ajiye zagi. Lokacin da rijiyar burtsatsen unguwarmu ta tsaya, mun daɗe muna kumfar baki, ko kallo ba mu ishi hukuma ba. Da muka zaƙulo sunan aikin da kuɗinsa a cikin kasafi, muka ɗora hoton wurin, sai wani gidan rediyo ya ɗauki maganar, masu gyara suka zo. Ka sa mutanen mazaɓar su riƙa yaɗawa da sunayensu, domin ɗan majalisa masu ƙuri'a yake jin tsoro.